Amsoshin Tambayoyinku: Gina Ɗakin Kwana a Kan Babbar Mota

Wani mai sauraro daga Agadas ya nemi bayani kan yadda Turawa masu ratsa sahara suke gina ɗakin kwana a bayan manyan motoci.

Aikin yana farawa ne daga shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da inji da tayoyi, kuma cikin waɗanda suka yi suna akwai na Unimog, motar Jamus da kamfanin Daimler-Benz ya karɓi ƙirarta a 1951. An ƙera shasinta yadda zai riƙa murɗewa a kan tudu da kwari domin tayoyin huɗu su ci gaba da taka ƙasa, kuma a nan wahalar take, saboda duk ɗakin da aka ɗaure tamau a kan ƙarfe mai murɗewa, bangonsa zai tsage, ƙofofinsa su ƙi rufuwa. Don haka ake sa wani firam tsakani, wanda ke haɗe da shasin a wurare uku ko huɗu kawai, wasu daga ciki masu juyawa, sai shasin ya murɗe ɗakin kuwa ya zauna daidai.

Bango yakan kasance falle biyu na faiba da soso mai tauri a tsakiya, domin tare zafi da rage nauyi. Tankin ruwa da batura kuwa a ƙasa ake ajiye su, don kada motar ta kife a gangare.

Nauyi ne ke da hukuncin ƙarshe, domin lasin tuƙi ajin C1 na Tarayyar Turai bai yarda a tuƙa motar da ta wuce kilo 7,500 ba.