Bashin Zakka Da Bashin Haraji A Wuyan Mai Sana'ar Kansa

 Karatunmu na wannan mako ya shafi wasu bayin Allah waɗanda aka buɗe wa ƙofar samu, amma ba su cin albashin kowa, watau irin su ɗan kwangila, da dillalin filaye, da likita mai asibitin kansa, da lauya, da attajirin da ke sayo kaya daga Sin ko Dubai ya kawo Kantin Kwari.

Ma'aikacin gwamnati, kafin albashinsa ya iso hannunsa, ma'aji ya riga ya yanke haraji, saboda haka bai ma saba ƙirga wannan kason cikin abin da ya mallaka ba. Shi kuwa mai zaman kansa kuɗinsa kan zo masa ne a dunƙule, ba wanda ya taɓa su. Yau a biya shi Naira miliyan 20, sa'an nan a yi wata huɗu ko ƙwandala ba ta shigo ba. Ido ya ga kuɗi, zuciya ta ce duka nawa ne, alhali kuwa a cikinsu akwai haƙƙin talaka, akwai na hukuma. A sake mota, a ɗaga bene, a je Umura. Shekara ta zagayo a ce sai baɗi, baɗi ta zo a ce sai an biya kuɗin kwangila. Kafin mutum ya farga shekara uku ko huɗu sun taru a kansa, kuma mafi yawa ba tsoron Allah ke tayar da shi ba, sai ranar da aka nemi ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 kafin a ba shi wani aiki.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, basussuka biyu ne a nan, kuma biyan ɗaya ba ya sauke ɗayan. Akan ji wasu suna cewa tun da gwamnati ta karɓe musu miliyoyi, sun ƙudurta wannan a matsayin zakkarsu. Wannan ba ya isarwa. Zakka ibada ce mai niyya, mai nisabi, mai ƙayyadadden gwargwado, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cinta ga jinsi takwas. Haraji kuwa da shi ake yin hanya, a biya soja, a sayi motocin ofis, kuma Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna biya suna amfana. Shaihu Ulaishu, babban muftin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1882, ya ba da fatawa cewa abin da mai mulki ya karɓa ba da sunan zakka ba, ba a lissafa shi cikin zakka, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke.

Akwai kuma masu karkata ɗaya gefen, su ce haraji zalunci ne tun asali, don haka guje masa ba laifi. Maganar tana da tushe a tarihinmu, ba mu musa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin ayyukan zaluncin sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi, kuma dattawa ba su manta da murnar da talakawa suka yi ba a 1979, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. To, amma wancan kuɗi ne da ake ɗora wa kan mutum ko kan saniyarsa, ko ya samu ko bai samu ba, har a ɗaure shi a rana in ya kasa. Abin da ake nema yau wajen mai manyan kuɗi kaso ne daga ribar da ya ci. Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi duk sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza ɗaukar bukatun jama'a, da sharaɗin adalci da tsayawa gwargwadon bukata. Ko shugabanninmu suna cika wannan sharaɗi? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma su za a tsayar a kanta ranar gobe. Amma kai, ɗan'uwa, ba a ba ka izinin rubuta ƙarya ka sa hannu ba, ko ka ba ma'aikaci cin hanci ya rage maka lissafi, don kawai kana zargin wani da ci. A ganina mutumin da tirelolinsa goma suke tauna kwalta dare da rana shi ne mafi ƙarancin hujja a cikin masu wannan magana.

Yanzu mu zo ga zakkar da aka bari a baya. Ba ta faɗuwa da daɗewa. Dokar haraji ta ba hukuma damar komawa baya shekara 6 ta binciki mutum, in ba an same shi da zamba ba, amma ita zakka ko shekara 30 ta yi tana nan a wuyan mai ita. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mata ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da Hajjin da mahaifiyarta ta yi bakance ta rasu ba ta yi ba, sai ya kwatanta mata shi da bashin mutane, ya nuna mata cewa bashin Allah ne ya fi cancanta a biya. Tuba wajibi ce saboda jinkirin da aka yi, amma tuba ba ta ɗauke biya.

Nisabin zinariya miskali 20 ne, watau kimanin giram 85, na azurfa kuwa dirhami 200, kimanin giram 595. Ƙimarsu a Naira tana hawa da sauka tare da kasuwa, don haka kowace shekara da nisabinta, sai a tambayi hukumar zakka ko malamai masu bin lissafin. Abin da ake fitarwa ɗaya bisa 40 ne. A ƙaddara mutum yana da Naira miliyan 40 a ajiye, shekara 3 bai fitar ba, kuma kuɗin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Zakkar shekarar farko 1,000,000. Da yake wannan miliyan ta zama bashi a kansa, sai a cire ta, a lissafa shekara ta biyu a kan miliyan 39, ta kama 975,000. Ta uku a kan 38,025,000, ta kama 950,625. Jimla 2,925,625 ke nan. Wannan ragi yana kan ƙa'idar Malikiyya cewa bashi yana rage zakkar tsabar kuɗi, ko da bashin na zakka ne. Sai dai ƙa'idar tana da wutsiya wadda mutane suke son mantawa: idan mai bashi yana da wata kadara wadda za ta iya biyan bashin, kamar fili ko gidan haya, to a kanta ake jingina bashin, ya fitar da zakkar kuɗin hannunsa cikakkiya. Mai irin wannan hali abin da ya fi masa tsira shi ne ya ba da miliyan 3 cif, bambancin ma bai kai 75,000 ba. Haka kuma wanda ya ce bashin haraji ya cinye masa nisabi, sai ya fara duba filayensa tukuna. Zakkar hatsi da ta dabbobi kuwa, bashi ba ya taɓa su ko kaɗan.

Wanda bai ajiye lissafi ba fa? Ya nemi bayanin asusunsa na banki na waɗannan shekaru, ya duba littafin kanti, ya yi kirdado, inda ya yi shakka ya ɗauki mafi yawa. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda malamai suke kira mudiri, zai ƙiyasta kuɗin hajarsa na kowace shekara ya haɗa da tsabar kuɗi da basussukan da yake sa ran za a biya shi. Mai saye ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi, shi sai ranar da ya sayar, ya fitar ta shekara guda. Likita da lauya da sauran masu cin ladan aikinsu, a mazhabarmu shekarar kuɗinsu tana farawa ne daga ranar da suka shiga hannu, abin da aka ci kafin shekara babu zakka a kansa.

Game da bashin hukuma, dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Daga nan ake hawa mataki mataki, daga kashi 15 cikin 100 har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Wanda ribarsa, bayan an cire kuɗin gudanar da sana'a da sauran abin da doka ta yarda a cire, ta tsaya a miliyan 30, harajinsa 5,830,000 ne, watau kusan ɗaya bisa biyar. Shekarun da suka gabaci 2026 kuwa da tsohon ma'auni ake lissafa su. Mai zaman kansa hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa yake kai wa bayani, kuma ƙarshen watan Maris ne wa'adi. Wanda ya yi jinkirin biya akan ɗora masa tara ta kashi 10 cikin 100, a kuma ɗora masa kuɗin ruwa. Ku duba wannan da kyau, jama'a. Mutum ne wanda ya ƙi karɓar rancen banki don gudun riba, sa'an nan da sakacinsa ya jawo wa kansa biyan ruwa wata bayan wata. A 2017 gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar afuwa ga masu bashin haraji, ta yafe tara da ruwa ga wanda ya kai kansa, aka rufe ta a ƙarshen Yuni 2018. Kada kowa ya zauna jiran a sake buɗewa. Ya ɗauki akanta mai amana, ya tattara rasidai, musamman na abin da aka riƙa yanke masa a kuɗin kwangila, domin ana cire wannan daga abin da ake binsa, ya je da ƙafarsa ya nemi a yarda ya biya kashi kashi.

Idan abin hannu bai isa duka ba, me za a fara? Ciyar da iyali gwargwadon bukata yana gaba. Daga nan zakkar bana, don kada ramin ya ƙara zurfi, sai ta baya, wadda ba a jinkirta ta ga mai iko. An ruwaito daga Manzon Allah cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma mai filaye uku a bayan gari mawadaci ne ko da asusunsa babu kome. Ya sayar da guda. Umurar Ramadan, da Hajji na biyar, da ƙarin aure, da raba shinkafa a ƙofar gida a ɗauki hoto, duk su dakata, gama nafila ba ta shiga gaban farilla. Abin da ba za a yi ba shi ne cin bashi da ruwa don a biya zakka.

Saura yadda za a hana abin sake taruwa. Tun da babu ma'ajin da zai yanke maka, sai ka zama ma'ajin kanka, kuma yankan a ranar da kuɗi suka shigo ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe asusu dabam wanda babu katinsa a aljihunka. Duk kuɗin da suka shigo, ka zuba ɗaya bisa biyar na ribar, ko ɗaya bisa huɗu in samunka ya yi yawa, da sunan hukuma, ka kuma ware ɗaya bisa 40 da sunan zakka, ka ɗauka waɗannan ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. Sa'an nan ka yanka wa kanka albashi, ka auna shi da watan da samu ya yi ƙasa, ba da watan da aka biya babbar kwangila ba. Abin da ya yi saura a lokacin yalwa a tara shi don lokacin tsaiko. Wannan ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya shawarci mutanen Masar su adana amfanin shekara 7 na wadata don shekara 7 na fari, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda. A lura kuma kalanda biyu ne. Shekarar haraji daga Janairu zuwa Disamba take, ta zakka kuwa da watan sama ake binta, kwana 354, tana gaza waccan da kamar kwana 11. Wanda ya ɗaure zakkarsa ga Disamba yana tauye ta kaɗan kaɗan bai sani ba.

Akwai wata mas'ala da ba a cika ambata ba, alhali ita ce mafi ban tsoro. Bashin mutane da na hukuma, idan mutum ya mutu, ana fitar da su daga dukiyarsa kafin a raba gado, ko magada sun so ko sun ƙi. Zakkar shekarun baya ba haka take ba a wurin Malikiyya. Idan mamaci ya yi wasiyya da ita a cikin ciwon ajali, daga sulusi ake fitar da ita, in kuwa bai ambata ba, ba a tilasta wa magada, nauyin yana kansa shi kaɗai. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suna ganin a cire ta daga uwar dukiya ko babu wasiyya, amma alƙalanmu da mazhabar Maliku suke hukunci. Saboda haka duk wanda ya gama lissafi ya ga ba zai iya biya a lokaci guda ba, ya rubuta adadin tun yana da lafiya, shekara bayan shekara, ya kafa shaidu biyu adilai a kan cewa bashi ne a kansa, ya riƙa soke abin da ya biya yana sa kwanan wata. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Allah Shi ne Mafi sani.