Darasi: Gajiyar da barci ba ya maganinta

Ku sani gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomin albasa a Galmi, wanda ya yini ban ruwa, ya kwanta, da asuba ya tashi garau. Akwai kuma wadda ke taruwa wata bisa wata har ta ci zuciyar mai ita. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan ta biyu a matsayin matsalar da nauyin aiki ke haifarwa, ta ambaci alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, ƙyamar aikin da mutum ya saba so, da raguwar ingancin abin da yake yi.

Alama ta biyu ita ce mafi ɓuya. Malamin makaranta a Illela ya fara jin haushin yaran da a da yake wasa da su. Direban da ke bin hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ya shiga gida da faɗa ba dalili. Mukan ce shaiɗan ne ko lalaci, alhali sau da yawa jiki ne ke neman haƙƙinsa. Galibi mai ɗakin mutum kan riga shi ganewa, sai a saurare ta.

Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar Abud Darda'i ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa da azumi da tsayuwar dare, sai ya sa shi ya ci, ya kwanta, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salman. To, in ibada an sa mata iyaka, ina ga neman kuɗi?

Binciken hukumar nan da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40, da hutun yini guda a mako. Mai aikin dare a masana'antar siminti ta Malbaza da ɗan kasuwar Ƙonni duk su kiyaye wannan yini, da ƙailula, musamman a zafin Afrilu. Maigidan aiki kuwa ya raba nauyi da adalci.

Wanda ya ga sai da tiramol yake iya fita aiki, ko ciwon kai da rashin barci sun lizimce shi, to ya je asibiti a auna masa jini cikin makon nan.