Ƙwaƙwalwar Jariri a Zauren Majalisa: Fafutukar Rassan Ƙungiyoyin Malaman Yara a Amurka

Gabatarwa

A kowace shekara, idan majalisun dokokin jihohin Amurka suka zauna tsara kasafin kuɗi, akan ga ayarin malaman gidajen reno da makarantun nazare sun hallara a harabar majalisa domin ganawa da wakilansu. Da yawa daga cikinsu 'yan rassan wata ƙungiya ce da ake taƙaita sunanta da NAEYC, wato ƙungiyar ƙasa ta masu kula da ilmin ƙananan yara. Tushenta ya faro daga wani kwamiti da malama Patty Smith Hill ta haɗa a shekarar 1926, kuma a 1964 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi. Babbar hujjar da waɗannan malamai suke riƙewa daga ilmin halittu ta fito. Saboda haka wannan darasi zai duba abubuwa uku: abin da kimiyya ta gano game da ƙwaƙwalwar yaro, yadda rassan suke mayar da binciken ya zama buƙata a gaban hukuma, da kuma inda ake yin kuskure.

Yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa

Ana haifar jariri da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ta baligi. Kafin ya cika shekara ɗaya nauyin ya ninka, kuma a wajen shekara 5 zuwa 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Yawancin ƙwayoyin jijiya da mutum zai rayu da su, da su aka haife shi. Abin da yake ƙaruwa bayan haihuwa shi ne rassan da ƙwayoyin suke fitarwa, da rufin kitse da yake lulluɓe zaren jijiya don saƙo ya yi sauri, da kuma mahaɗai, wato wuraren da wata ƙwaya take miƙa wa wata saƙo.

Wani likita mai suna Peter Huttenlocher ya ƙidaya waɗannan mahaɗai a ƙwaƙwalwar mamata masu shekaru daban-daban, ya fara buga sakamakonsa a 1979. Ya gano cewa mahaɗan suna yawaita ƙwarai a farkon rayuwa, har su zarce na baligi, daga baya kuma sai a yi musu sassabe. Wadda ake amfani da ita takan ƙara ƙarfi, wadda aka bari takan shuɗe, kamar dai turbar da ciyawa take rufewa idan an daina bin ta.

A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na jariran kyanwa a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe idon, sai aka tarar lafiyarsa ƙalau, amma sashen gani na ƙwaƙwalwa ya daina amsa masa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba ta sami wannan illa ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya ba su lambar Nobel a 1981.

A kan ɗan Adam kuwa, shaida mafi ƙarfi daga Romaniya ta zo. A shekarar 2000 aka fara bin diddigin yara 136 da suke gidajen marayu na birnin Bukares, inda mai reno ɗaya take fama da yara masu yawa. An yi ƙuri'a, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda suka koma cikin iyali, musamman kafin su cika shekara 2, sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da shaƙuwa da mai renonsu. Abin da yaro yake buƙata a nan shi ne baligin da zai amsa masa: ya yi kuka a ɗauke shi, ya yi gwaranci a mayar masa da magana. Idan wannan ya yi ƙaranci na tsawon lokaci, tsarin da yake sarrafa sinadarin kotizol, wanda jiki yake fitarwa a halin firgita ko damuwa, yakan rikice.

Me ya sa sai rassa?

A Amurka jihohi ne suke ba gidajen reno lasisi, kuma kowace jiha da dokarta game da yawan yaran da mai reno ɗaya za ta riƙe, da irin horon da za ta samu. An taɓa yunƙurin kafa tsari na ƙasa baki ɗaya. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin a 1971, amma Shugaba Richard Nixon ya ƙi sa masa hannu a watan Disamba na shekarar. Da aka kafa asusun tallafin reno na tarayya a 1990, sai aka miƙa wa jihohi ragamar kashe kuɗin. Ke nan hedkwatar ƙungiya da take Washinton ba za ta wadatar ba. Dole sai da reshen da ya san wakilin mazaɓarsa, ya kuma san ranar da kwamitin kasafi zai zauna.

Aikin rassan ya kasu kashi huɗu. Na farko shi ne tattara bayanai daga mambobi: albashinsu, da yawan iyayen da suke layin neman gurbi, da azuzuwan da aka rufe don rashin malami. Na biyu shi ne ba da shaida a gaban kwamitocin majalisa. Na uku shi ne gayyatar 'yan majalisa su shiga aji su gani da idonsu, musamman a Makon Ƙananan Yara da uwar ƙungiyar ta ƙirƙiro a 1971. Na huɗu shi ne haɗa gwiwa da iyaye da likitocin yara da 'yan kasuwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma iyakar da doka ta gindaya: ƙungiyar da aka ɗauke wa haraji a matsayin ta taimakon jama'a tana iya kamun ƙafa a kan ƙuduri daidai gwargwado, amma an hana ta goyon bayan ɗan takara.

Daga bincike zuwa buƙata

Idan mai karatu ya lura, kowace babbar buƙata ta rassan tana da tushe a bayanin da ya gabata. Tun da jariri yana buƙatar mai amsa masa, ƙungiyar ta ba da shawarar kada mai reno ɗaya ta riƙe jarirai fiye da 4. Tun da shaƙuwa tana ɗaukar lokaci, sai batun albashi ya shigo. Wani bincike na ƙasa da aka buga a 1989 ya nuna cewa matsakaicin ladan malamin reno dala 5.35 ne a awa, kuma kashi 41 cikin 100 na malaman sukan bar aikin a cikin shekara guda. Duk malamar da ta tafi, akwai yaran da za su fara sabo da wata daga farko.

Hujjar da 'yan majalisa suka fi saurara ita ce ta kuɗi. Daga 1962 zuwa 1967, a garin Ifsilanti na jihar Mishigan, an raba yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata gida biyu. Yara 58 sun shiga makarantar nazare ta Perry, inda malami ɗaya yake da yara 5 ko 6, yana kuma ziyartar gidajensu duk mako, sauran 65 ba su shiga ba. Da suka kai shekara 40, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne aka taɓa kamawa sau 5 ko fiye, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 55 ne. Masanin tattalin arziki James Heckman da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kuɗin da aka kashe ya dawo wa al'umma da ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a shekara.

Wannan fafutuka takan ɗauki shekaru kafin ta yi 'ya'ya. A jihar Niyu Meziko an yi fiye da shekara 10 ana neman a ƙara cirar kuɗi daga asusun dindindin na jihar domin ilmin ƙananan yara. A watan Nuwamba na 2022 kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓe suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar. A jihar Bamont kuma, a 2023, majalisa ta kafa harajin kashi 0.44 cikin 100 a kan albashi domin tallafin reno, ta tabbatar da dokar duk da ƙin amincewar Gwamna Phil Scott.

Inda ake zamewa

Kimiyya idan ta shiga siyasa akan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. A 1993 aka buga wani ɗan bincike a kan ɗaliban jami'a 36, wanda ya nuna cewa sauraron kiɗan Mozart ya ɗan ɗaga makinsu a wata jarrabawa ta siffofi, na tsawon minti 10 zuwa 15. Babu jariri ko ɗaya a cikin binciken. Duk da haka, a 1998 Gwamna Zell Miller na jihar Jojiya ya nemi dala 105,000 don a raba wa kowane jariri faifan irin wannan kiɗa.

Haka nan, cewa ƙwaƙwalwa ta kai kashi 90 na girmanta a shekara 5 magana ce ta girma kawai. Sashen goshi, mai kula da tsara al'amura da kame kai, yana ci gaba da nuna har bayan shekara 20. Gwajin kyanwa da na Bukares sun nuna illar rashi mai tsanani, ba su nuna cewa ƙofar koyo tana rufewa a shekara 3 ba.

Kuskure na uku shi ne zaton kowace makarantar nazare za ta ba da sakamakon Perry. A jihar Tenesi masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun bi yara kusan 3,000. Rahotonsu na 2022 ya nuna cewa a aji 6 waɗanda suka shiga shirin nazare na jihar sun kasa waɗanda ba su shiga ba a jarrabawa. Reshen da ya nemi ƙarin gurabe ya manta da ingancin malami da yawan yara a aji, yana iya cin nasara a majalisa, yaran kuma su yi asara.

Kammalawa

Ƙarfin reshe yana cikin sanin unguwarsa, mutuncinsa kuma yana cikin faɗin abin da bincike ya tabbatar ba tare da ƙari ba. Ɗalibin ilmin halittu yana da rawar takawa a nan, domin shi aka koya wa tambayar da ta kamata: a kan wa aka yi gwajin, su nawa ne, da wa aka kwatanta su?

Tambayoyi don nazari

1. Me yake ƙara wa ƙwaƙwalwa nauyi bayan haihuwa?
2. Me ya sa aka yi ƙuri'a wajen raba yaran Bukares gida biyu?
3. Wace alaƙa ce tsakanin albashin mai reno da shaƙuwar jariri?
4. Waɗanne dalilai ne za su iya sa sakamakon Tenesi ya saɓa wa na Perry?