Waya Ta Kwashe Mini Kwastomomi

Tambaya: Ina da shagon intanet a Gyaɗi-Gyaɗi, amma tunda waya ta shiga hannun kowa, kasuwa ta mutu. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Waya ba ta buga takarda. Ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa da kai, ma'aikata da ɗalibai kullum suna neman fotokwafi da hoton fasfo. Ka bari su turo takardu ta WhatsApp, ka buga kafin su iso. Ka sayar da rabin kwamfutocin, ka buɗe POS da kuɗin. Yaron shagonka kuma ka tura shi kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ya koyo gyaran waya. Allah Ya buɗa.