Tuluna Biyu Daga Ɗakin Kaka

Tambaya: Da aka raba gadon kakarmu, rabona ya faɗa kan wasu tuluna biyu na tangaran, tsayinsu kamar kamu ɗaya, da zanen mata riƙe da laima da ruwan zinare. An ce kakanmu ne ya sayo mata su a Nguru. Wani dillali ya zo har gida sau biyu yana tayawa, ya ce na Japan ne. Yaya zan gane ko tsofaffi ne, kuma nawa za su yi? Daga wata mai karatu, Gashuwa.

Amsa: Allah Ya jiƙan Kaka, Ya kai haske kabarinta. Kada ki sallama tukuna, amma kuma kada ki sa rai da miliyoyi.

Ki shimfiɗa zane mai kauri, ki kifa tulun a hankali, ki duba gindinsa, domin a nan shaidar take. Tun 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata, sai Japanawa suka riƙa sa "Nippon". A 1921 aka ce su koma "Japan". In kuwa kika ga "Made in Occupied Japan", to an yi shi tsakanin 1947 da 1952, lokacin da sojojin Amurka ke riƙe da ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Rubutun Japananci zalla da hannu yakan nuna tsufa, sai dai shi ma ana kwaikwayonsa.

Yadda kika siffanta su, sun yi kama da irin da ake kira Satsuma, sunan wani yanki a kudancin Japan wanda yau ake ce wa Kagoshima. Irin wannan tangaran ya yi suna a Turai bayan baje-kolin Faris na 1867. Jikinsa ruwan madara ne, ba fari fat ba, kuma in kika matso da shi kusa da ido za ki ga 'yan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo-gizo a cikin sheƙin. Ba lahani ba ne, haka ake gasa shi. Haska tocila daga ciki, haske ba zai ratso ba. Ƙwanƙwasa shi da farce, sautin zai fito a dushe. In ya yi ƙara rau kamar ƙararrawa, kuma launinsa shuɗi da ja da zinare ne, to wataƙila Imari ne.

Abin da ya fi rubutun gindin muhimmanci a wurina shi ne aikin hannun. Ɗauki hoton fuskar mace ɗaya da waya, ki buɗa shi. A aikin gwanaye irin su Kinkozan na Kyoto da Yabu Meizan na Osaka, kowace fuska da kamanninta, har silin gashi ana ƙirgawa. Irin waɗannan ne ke kai dubban daloli a gwanjo. Na kasuwa kuwa fuskokin duk ɗaya ne, zinaren an lafta shi, wani zanen ma ɗige-ɗige ne na inji.

Ga abin da nake zato. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, yana kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu, yana sauke kayan kanti. In a kantin Nguru kakanku ya sayo wa Kaka su sababbi, to sun fi kusa da kayan da masana'antu suka riƙa fitarwa jibgi bayan wannan shekara. Irinsu suna da yawa a duniya, kuma sau da yawa kuɗin aika su waje lafiya ya fi abin da za a biya. Ni dai da nawa ne, da na bar su a kabad.

In kin ƙudurta sayarwa, kada ki raba su, domin tagwaye sun fi daraja a haɗe. Kada toka ko soson ƙarfe su taɓa su, zinaren zai bi ruwa. Tsumma mai laushi ya isa. Ki ɗauki hoton gindi da baki da duk inda ya ɓantare, ki tura wa wani naki a Kano ya nuna wa masu tsofaffin kaya biyu ko uku a Kasuwar Kurmi, kowa ya taya ba tare da jin tayin ɗan'uwansa ba. Dillalin da ya zo sau biyu zai iya jira har amsa ta dawo.