Ruwan famfon Kano daga bakin gonarka yake farawa

Ni malamin gona ne. Yawancin aikina a ƙauyukan da ke saman madatsar Tiga yake, inda ƙananan rafuka ke gangarowa su zuba a Kogin Kano. Abin da na gani a daminar bana ya ɓata mini rai ƙwarai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Wani dattijo yana da gonar gado a gaɓar rafi. A bakin ruwan akwai jerin kanya da ɓaure da faru, ƙarƙashinsu gamba da jema sun yi kaurin da ko akuya da ƙyar take ratsawa. Da rani masu gawayi suka yi masa tayi. Da labari ya iso mini na je na same shi, na ce, "Baba, don Allah a bar itatuwan nan, su ne suke riƙe muku gaɓa." Ya ce, "Malam, inuwarsu tana cinye mini amfani, ga kuma auren yarinya ya matso." Na san buƙata ce. Na roƙe shi a sassabe rassan da suka rufe shuka, a bar gindi. Ya ce zai duba. Kafin in sake zagayowa an sa zarto, an cinna wa ciyawar wuta.

Daga nan mai huɗa ya ja kunya a miƙe daga tudu har cikin rafi, don ya fi masa saurin gamawa. Masu tifa suka zo suka kwashe yashin da ke gindin gaɓar. Sannan aka je kasuwa wurin wani mai shagon magani wanda ko takardar jikin kwalba bai iya karantawa ba. Ya haɗa masa maganin ciyawa kala biyu da na ƙwari, ya ce a ƙara murfi a kowane famfo don ya fi ci. Irin waɗannan mutane su suke kashe mu! Jiya yana sayar da batir da tocila, yau shi ne likitan gona. Yaran da suka yi feshin kuwa a rafin suka wanke famfunansu, a nan suka jefar da kwalabe.

Ruwan Agusta da ya sauka, gaɓa ta zube. Na tsaya a bakin kwazazzabon da ya fi tsayin mutum zurfi, ina kallon masara da saiwarta a waje tana lilo a kan ruwa ja wur. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne abin da mutanen unguwar ƙasa suka gaya mini: bayan feshin nan kifaye sun taso ciki sama a gurbin da mata ke ɗiban ruwa, yara suka tsince su suka kai gida aka dafa. Dattijon ya ce mini, "Ƙaddara ce, Malam." Na ce, "Baba, ƙaddara gaskiya ce, amma zarton nan da hannu aka riƙe shi."

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar da ta bar gonar nan Tiga ta nufa. An kammala madatsar a 1974, aikin zamanin Audu Bako ne, an gina ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Duk lakar da ta kwanta a gindinta gurbin ruwa ta cinye, kuma ba mai iya kwashe ta da shebur. Ruwan da aka saki daga can shi matatar Tamburawa ke ja ta tura wa birni. In ya zo da laka sai an ƙara alam da kulorin, kuɗin kuma na jama'a ne. Alam yana kwantar da laka, kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba a yi su don cire gubar feshi ba. Takin zamanin da aka watsa ana gab da ruwan sama ma rafi yake bi, ya je ya ciyar da gansakuka da ciyayin da ke toshe hanyar ruwa. A tambayi mutanen Haɗeja da Nguru abin da ciyawar kachala ta yi musu.

Dajin Falgore, wanda Kogin Kano ke ratsawa, shi ne garkuwar Tiga. Duk buhun gawayin da ya fito daga can, ruwan shanmu aka taɓa.

Ban ce a ɗora wa manomi komai ba. Birnin New York na Amurka yana shan mafi yawan ruwansa daga tsaunukan Catskill ba tare da tacewa ba, saboda yarjejeniyar 1997 da ta sa birnin yake kashe kuɗi wajen kare daji da taimaka wa manoman yankin su gyara gonakinsu. Mai shan ruwa a birni ya kamata ya sa hannu a aljihu don mai gonar bakin rafi. Da dattijon nan ya sami wanda zai biya shi ladan barin itatuwansa, da masu gawayi ba su ga fuskarsa ba.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannunmu. Kada ka nome har bakin ruwa, bar wa gamba da jema wuri. Kunya a gicciye ake yin ta, ba a bin gangara. Kada ka wanke famfon feshi a rafi. Ka ɗebi ruwa a bokiti, ka yi nisa da gaɓa. Kwalbar magani a huda ta, ba a zuba mai ko gishiri a ciki. Makiyaya a tsaya a mashaya. Masu unguwanni da dagatai, ku daina sa albarka a cinikin yashin gaɓa. Kuma na sake faɗa, kada ka wanke famfo a rafi, kada ka ci kifin da ka tsinta a mace.

Itacen bakin rafi ba na sayarwa ba ne. Wanda ya sare shi gonarsa ce za ta fara tafiya, sauran hasarar kuma a cikin randar wasu za ta ƙare, kuma Allah zai tambaya.