HAƘƘIN ALƘALAMI DA HAƘƘIN IYALI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mutanen da Allah Ya ba baiwar alƙalami, watau masu rubuta Alƙur'ani da hannu, da masu tsara waƙen wa'azi da begen Manzo, da masu wallafa littattafai. Matsalar da ke damunsu ita ce yadda mutum zai riƙe wannan baiwa ba tare da ya tauye haƙƙin iyalinsa ko na wanda ya ɗauke shi aiki ba.

A Rurum Sabon Gari da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, a da shekara ce da kanta take raba wa malami lokaci. Damina ta gona ce. In an yi girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai alaramma ya feƙe alƙalaminsa, ya dama tawada, ya zauna a zaure yana rubutu har faɗuwar ruwan farko. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, wadda aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani da su suka bunƙasa a wannan yanki, ga kuma aikin albashi da ƙananan sana'o'i. Rani ya daina zama lokacin hutu. Daga nan sai masu baiwa suka kasu biyu: wasu suka jingine alƙalami har ya bushe, wasu kuma suka rungume shi suka bar gida ba cefane. Dukansu biyu sun kauce hanya.

Abin da Shari'a ta shimfiɗa

Musulunci bai ƙyamaci fasaha ba. Ƙarshen Suratus Shu'ara'i ya zargi mawaƙa masu faɗin abin da ba su aikatawa, sa'an nan ya ware waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Hassanu ɗan Sabitu da Ka'abu ɗan Maliku da Abdullahi ɗan Rawaha duk mawaƙa ne, kuma sahabbai ne, Allah Ya yarda da su. Sai dai ga ɗaiɗaikun mutane wannan aiki ba farilla ba ne, alhali ciyar da mata da 'ya'ya da tufatar da su da ba su wurin kwana wajibi ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin da sauran littattafan Malikiyya. Ƙa'ida kuwa sananniya ce, ba a gabatar da nafila a kan farilla.

Imamul Buhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka a tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan cikin tufafi marasa kyan gani. Da ya tambayi dalili, ta shaida masa cewa ɗan'uwan nasa ba ya da bukatar duniya. Aka kawo abinci, mai gida yana azumin nafila, Salmanu ya ƙi ci sai da shi ma ya ci. Da dare ya yi ya hana shi tsayuwa, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare. Sa'an nan ya faɗa masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ransa, haka iyalinsa, sai ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta kai ga Annabi sai ya gaskata Salmanu.

To, mai karatu ya duba. Idan har azumi da tsayuwar dare ba su zama uzurin yin watsi da mace ba, ina ga neman amsa-amon baiti ko gyaran zayyana? Wanda ya kwana bisa takarda, ya makara sallar asuba, ya tashi yana harara da faɗa da yara, to ya ci bashin mutane da yawa don ya biya alƙalami.

Haka nan batun aiki. Wanda aka ɗauka da lada, sa'o'in da aka yi yarjejeniya a kansu ba nasa ba ne. Malamin makaranta da ya bar yara suna surutu ya duƙufa kan waƙarsa, ko da ta yabon Annabi ce, ya gurɓata albashinsa gwargwadon abin da ya tauye. Kyawun abin da ake rubutawa ba ya halatta lokacin da aka sata.

Misalin magabata

Mutanen ƙasar Hausa ba su rasa abin koyi ba. Sanannen abu ne cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana tufka igiya don ya ci guminsa, ga karantarwa, ga wa'azi, ga littattafai da waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Ƙanensa Abdullahin Gwandu ya rubuta tafsirinsa Liya'ut Ta'awili alhali nauyin jama'a yana wuyansa. 'Yar Shehu kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce a gidan Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, mai karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru, amma ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa. A zamanin boko ma, Alhaji Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira sai hidima ta ƙare kafin ya ɗauki alƙalami, domin hidima ba ta ƙarewa sai an shiga kushewa.

Kaɗan mai ɗorewa

Maganin ya zo cikin hadisin Nana A'isha, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, mai nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A ɗauki lissafin marubucin Alƙur'ani. Izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Wanda ya ɗaure wa kansa sumuni ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin ya saɓi fartanya ko ya nufi makaranta, zai kai ƙarshen baƙaƙen cikin kwana 480, watau shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki, sa'an nan ya komo kan wasali. Wanda kuwa yake jiran ranin da babu aiki, yana iya shekara goma bai wuce Baƙara ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka ya kamata mai baiwa ya kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, ya yanke wa alƙalami lokaci sananne, gajere, wanda ba na salla ba ne, ba na mai aiki ba, ba kuma na hirar iyali ba. Na biyu, ya sanar da mai ɗakinsa wannan lokaci, ya nemi yardarta, domin abin da aka yi da shawara ba ya zama kishiya. In kuma matar ce mai baiwar, to mijin ya tuna da gidan Giɗaɗo, ya ba ta sarari. Na uku, kada ya sayi takarda da kuɗin cefane, kada kuma ya saki sana'arsa bisa tsammanin abin da rubutu zai kawo. Na huɗu, in lalura ta zo, kamar rashin lafiyar yaro ko shuka ta kama, ya ajiye alƙalami ba tare da ƙunci ba, ranar da ta wuce kuma ya koma kansa ba tare da kasala ba.

Aya ta 77 ta Suratul Ƙasasi ta yi umurni da neman Lahira da abin da Allah Ya bayar, tare da hana mantawa da rabon duniya. Baiwa tana cikin abin da Allah Ya bayar, kuma za a tambayi mai ita yadda ya yi da ita, kamar yadda za a tambaye shi game da waɗanda aka ba shi kiwo a cikin gidansa.

Allah Ya ba masu alƙalami ikon sauke nauyin duka biyu, Ya sa albarka a cikin lokacinsu da zuriyarsu, amin. Allah ne Mafi sani.